Littafin rubuta godiya: wata tara yana jakata, ga abinda na gani

Toh jama'a, tun farkon shekara wasu ke tambayata kan ɗan littafin nan mai koren bango da nake yawo da shi a jaka, wai da gaske yana da amfani ko dai kwalliya ce kawai irin ta mu mata. Na ce a bari tukuna sai na kwana biyu da shi, don ni ban iya yabon abu ranar da na fitar da shi daga leda ba. Yanzu wata tara kenan, ya ga lokacin da aiki ya kusa kashe ni ya kuma ga lokacin da nake kwance ba abinda nake sai juyi, don haka ina ganin na isa in yi magana.

Yayata ce ta ba ni kyautar Kirsimeti. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, saboda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma gaskiya irinsa sun cika intanet kusan duk zubinsu ɗaya ne, launin bango da ayoyin da aka zaɓa ne kawai ke bambanta su. In kin ga ɗaya kamar kin ga goma ne.

Ga yadda yake. Bango mai tauri, girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba, akwai roba da ke ɗaure shi don kar ya buɗe a jaka, da ɗan zare na alamar shafi, da wurin soke biro a gefe. Shafi ɗaya na kowace rana guda 365, an riga an buga kwanan wata a sama. Ƙarƙashin kwanan watan aya ɗaya, sai layi uku na safe inda za ki rubuta abu uku da kike gode wa Allah a kai, sai layi biyu na dare da tambaya ɗaya, wai a ina kika ga hannun Ubangiji yau. Ranar Lahadi an ƙara fili na rubuta abinda kika tsinta a wa'azi. Can baya kuma akwai shafuka na roƙe-roƙen addu'a masu gida biyu, gida ɗaya ranar da kika roƙa ɗayan ranar da aka amsa. Shikenan, ba wani abu mai wuya.

Zubin safe da daren nan na so shi tun ranar farko don ya tuna min da Zabura 92, inda mai zabura ya ce abu ne mai kyau a yi wa Ubangiji godiya, a yi shelar ƙaunarsa da safe, amincinsa kuma da dare. Kuma in kin duba kan zaburar an rubuta waƙa ce ta ranar Asabar, wato ranar hutu. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa don a nan ne na sha kunya.

Sati biyun farko abin dariya ne. Lafiya, iyali, aiki. Washegari lafiya, iyali, aiki. Wata rana in juya su in ce iyali, aiki, lafiya don dai kar ya zama kamar kwafi nake. Sai na lura da wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan shafi da ban kula da shi ba, wai kada ki maimaita abinda kika rubuta jiya. Da farko haushi na ji, na ce haba, Zabura 136 tana da ayoyi 26 kuma kowace aya da magana ɗaya take ƙarewa, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce, ba wanda ya ce wa mai zabura ya cika maimaici. Amma da na koma na karanta ta a natse sai na ga amshin ne kawai ke maimaituwa, rabin farko na kowace aya sabon abu ne, yau rana da wata da taurari, gobe raba Bahar Maliya, jibi sarakunan da aka kayar har da sunayensu Sihon da Og. Mutumin nan kiran abubuwa yake da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na sauke kai na bi dokar littafin.

Ni malamar lissafi ce a sakandare, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda ƙarshen zango yake. Aji huɗu, takardun jarabawa sun kusa 200, ga haɗa maki ga cike sakamako ga yara a gida su ma suna tasu jarabawar, ga koyon waƙa a coci don muna shirin Ista. A raina na riga na yanke cewa a nan ne littafin zai mutu, zai koma ƙasan jaka tare da tsofaffin rasit. Abin mamaki a wannan lokacin ne ban tsallake ko kwana ɗaya ba. Layi uku ai ba ya cin minti biyu, ina tsaye ina jiran yara su gama saka takalmi zan rubuta, wani lokaci a mota kafin in tada ta. Akwai wani dare da ba zan manta ba, sha ɗaya da rabi ta wuce ina zaune kan tebur idona kamar an zuba yashi, na ɗauko takardar wani yaro da muka yi sati uku muna fama da shi kan lissafi ɗaya har na fara fid da rai, sai ga shi ya warware shi tsaf layi bayan layi har da ja wa amsar layi biyu a ƙasa don in gani. Ban ma nemi baƙin biro ba, da jan biron makin ɗin na jawo littafin na rubuta. Har yau in na buɗe shafin nan jan rubutun ne ke fara kama min ido, hannun a karkace saboda barci.

Wannan ya sa na fara kallon Daniyel da wani ido daban. Muna yawan tsayawa kan ramin zakuna, amma kafin ramin ku duba aikin mutumin, a sura 6 yana ɗaya daga cikin manya uku da ke kula da hakimai 120 na daula guda, wato ba zaman banza yake ba, amma sau uku a rana yana durƙusawa yana addu'a da godiya, kuma aya ta 10 ta ce kamar yadda ya saba. Sabon ne ya riƙe shi ranar da doka ta fito. Littafin nan ya iya gina irin wannan sabon, wannan kam ba zan hana shi yabonsa ba. Ga mai aiki da yawa, mai jego, mai aikin dare, ɗalibi, gajartar layukan nan ita ce duk darajarsa. Da sun ba ni shafi biyu cur a kowace rana da tuni na gudu.

Sai aka yi dogon hutu.

Nan fa na ce yauwa, yanzu ne zan zauna in rubuta wa Allah godiya mai tsawo, har na sayi sabon biro. Sati shida, kwana 42. Da hutun ya ƙare na zauna na ƙirga shafukan da ba komai a cikinsu, 23 ne. Fiye da rabi! Kuma ba ciwo na yi ba, ba tafiya na yi ba, ba wani abu da ya faru, lafiyata ƙalau ina barci har rana ta take. Abinda ya faru shi ne lokacin aiki rubutun yana rataye ne a jikin wani abu, kafin fita da kuma bayan makin, da aka cire fitar da makin ɗin sai rubutun ya rasa inda zai kama. Kullum sai in ce anjima, ai yini na nan, anjima ta zama la'asar la'asar ta zama gobe. Waya kuwa ba ta taɓa jin anjima daga bakina ba, ita kam tana samun nata kason tun ido bai gama buɗewa ba.

Amma akwai abinda ya fi wannan zurfi kuma shi ya fi damuna. Lokacin da nake cikin matsi ina jin buƙatar Allah a jikina, duk ɗan sauƙin da ya zo ina ganinsa kamar ruwa ga mai ƙishi. Da sauƙin ya yi yawa sai na daina ganinsa gaba ɗaya. Musa ya faɗa wa Isra'ilawa wannan tun kafin su shiga ƙasar alkawari, a Maimaitawar Shari'a sura 8, cewa in kun ci kun ƙoshi kun gina gidaje masu kyau dukiya ta ƙaru, to a lokacin ne za ku yi hankali kada ku manta da Ubangiji. Bai ji musu tsoron mantuwa a jeji ba kamar yadda ya ji musu ita a cikin wadata. Haka kutaren nan goma na Luka 17, lokacin da cuta ke jikinsu dukansu goma suka ɗaga murya suna kiran Yesu, ba wanda ya yi shiru. Da suka warke a hanya mutum ɗaya ne ya juyo, shi ma Basamariye, har Yesu ya tambaya ina sauran taran. Shekara da shekaru ina jin wa'azin nan ina girgiza kai ina mamakin taran nan marasa kunya, laifi tudu ne dai, ashe ni ma da hutu ya zo cikin layinsu na shiga, ga shaida nan shafi 23 fari tas.

To a nan ne zan raba laifi, nawa daban na littafin daban. Nawa na faɗa. Na littafin kuwa shi ne waɗanda suka tsara shi mai gaggawa kawai suka yi wa tunani. Shafin ranar da kike gudu da shafin ranar da kike kwance iri ɗaya ne sak, layi uku layi biyu. Ba wani wuri da zai ce miki yau kina da lokaci, zauna ki waiwayi wata ukun da suka wuce, ko ki rubuta wa wani da ya taimake ki wasiƙa, ko ki fita ki kalli sama ki dawo ki faɗi abinda kika gani. Hutu yana buƙatar irin tasa godiyar, mai tafiya a hankali, kuma layi uku sun yi mata kaɗan har suna sa mutum ya raina abin ya ce ai wannan ko yaushe zan iya yi, shi ya sa ba ya yi. Ko fili na Lahadin ma na rubuta wa'azi ne, wato wani aikin ne kuma. Kalmar hutu ko Asabar ban ga an ba ta ko shafi ɗaya ba a littafi mai shafi sama da 365, alhali Littafi Mai Tsarki ya ɗauki maganar da nauyi sosai. Fitowa 34:21 cewa ta yi ko lokacin noma ne ko lokacin girbi sai an huta a rana ta bakwai, wato daidai lokacin da manomi ke ganin ba zai iya ajiye fartanya ba. Kuma a Markus 6:31 Yesu da kansa ne ya ce wa almajirai su zo gefe su ɗan huta don mutane na ta kai da kawowa har ba su da zarafin cin abinci. Hutun ma bai samu yadda suka so ba don taron ya riga su isa wurin, wannan kam duk uwa ta san shi.

Ƙorafi na biyu kwanan watan da aka riga aka buga. Na san wasu na son haka don yana tsare su, ni kam ya zame min ɗan sanda. Kin tsallake kwana huɗu kin dawo sai ki tarar da fararen shafuka huɗu suna kallonki, sai kunya ta kama ki, kunyar kuma ta sa ki ƙara kwana biyu ba ki buɗe ba. Har na taɓa zama ina ƙoƙarin cike na baya, ina ƙirƙiro abinda wai na gode a kai ranar Talatar da ta wuce wadda ko tuna ta ban yi ba, sai na tsaya na ce wa kaina wa kike yaudara, Allah ne zai duba ko shafi ya cika? Littafin godiya bai kamata ya koma rajistar makaranta ba. Tun ranar na bar su fari abinsu.

Na uku ayoyin. Duk masu daɗi ne aka tsinto, kuma an yanko su daga inda suke. Irmiya 29:11, wadda ke cewa Allah na da shirin alheri dominku, ta fito ya kai sau uku, ba tare da an faɗa cewa wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta Babila ba, kuma ayar da ke gabanta ta gaya musu sai shekara 70 ta cika. Filibiyawa 4:13 ma, mai cewa zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, tana nan ita kaɗai, alhali Bulus daga kurkuku ya rubuta, kuma abinda yake cewa a aya ta 11 da 12 shi ne ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Wannan ai ita ce ainihin ayar da ta dace da littafi irin wannan, amma suka ɗauki wutsiyar suka bar jikin. A watan da muka yi rashi a dangi na buɗe shafi na tarar da aya mai cewa in yi murna da sowa, na rufe shi kawai. Da Habakuk 3:17 da 18 na samu, inda annabin ya ce ko itacen ɓaure bai yi toho ba ko garke ya ƙare zai yi farin ciki da Ubangiji, da na rubuta wani abu a ranar. 1 Tasalonikawa 5:18 cewa ta yi a yi godiya cikin kowane hali, kuma kowane hali ya haɗa da ranar da hawaye ke ɗiga kan takarda. Ayoyin kuma duk da Turanci suke, sai dai in buɗe Littafi Mai Tsarki nawa na Hausa in kwafa a gefe in ayar ta taɓa ni, wanda a ƙarshe ma ya zame min alheri don ta haka nake ganin abinda ke gaba da bayan ayar.

Ƙananan abubuwa kuma, takardar ba ta da kauri, in biron mai ruwa ne sai ya huda ya ɓata bayan shafi, busasshen biro kawai take ɗauka. Wurin soke biron ya saki tun wata na biyu. Robar dai har yanzu da ƙarfinta, ɗinkin ma bai motsa ba duk wahalar da ya sha a jakata.

A gabatarwar littafin sun ambaci binciken da masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a 2003 a Amurka, kuma gaskiya ne an yi shi, sun sa wasu ɗalibai rubuta abu biyar da suke godiya a kai sau ɗaya a sati har sati goma, wasu kuma rubuta abubuwan da suka dame su, masu godiyar suka fi jin daɗin rayuwarsu da kyakkyawan zato. Madalla. Sai dai ku lura sau ɗaya a sati ne a wancan gwajin, ba kullum ba. Kuma ni abinda ya ɗan tsaya min a rai shi ne yadda gabatarwar ta fi ba da ƙarfi kan abinda godiya za ta yi miki, barci mai daɗi, kwanciyar hankali, kamar wani magani ake tallatawa. Godiyar Kirista tana da wanda ake yi wa, ko na ji daɗi bayanta ko ban ji ba ya cancanta. Abin ma ba sabo ba ne, Ignatius na Loyola, wani limamin Katolika, tun ƙarni na 16 ya koya wa mutane su riƙa waiwayar yininsu a gaban Allah kuma matakin farko da ya sa shi ne godiya, tun kafin a zo kan binciken zunubi. Masu littafin sun ɗauko tambayar darensu daga irin wannan ne ko sun sani ko ba su sani ba.

Inda ya fi burge ni kuwa shafukan bayan nan ne masu gida biyu. Ban ɗauke su da muhimmanci ba da farko, ina dai jefa roƙo in wuce. A ƙarshen hutun nan da na ɓata, ranar da nake ƙirga fararen shafuka cikin jin haushin kaina, na juya baya na ga roƙo goma sha ɗaya da na rubuta tun Janairu da Fabrairu, bakwai a ciki an riga an amsa ban ko koma na cike gida na biyun ba, wasu ma na manta na taɓa roƙonsu, har da maganar aikin ƙanina da muka yi ta kuka a kai. Na zauna a ƙasa na cike su ɗaya bayan ɗaya ina laluben kwanan wata a cikin tsofaffin saƙonnin waya. Sama'ila dutse ya kafa ya sa masa suna Ebenezer, ya ce har zuwa nan Ubangiji ya taimake mu, ni nawa dutsen gida biyu ne na takarda mai huda. Wannan yammacin shi kaɗai ya fi min duk sauran kwanakin hutun, kuma shi ne irin abinda nake cewa da sun tsara wa lokacin hutu da gangan maimakon a bar mutum ya yi tuntuɓe da shi.

Wata ta tambaye ni me ya sa ba zan yi a waya ba tunda akwai manhajoji masu yin haka har da tunatarwa. Na gwada na sati ɗaya. In na ɗauki waya don rubuta godiya sai in farga ina kallon bidiyon wasu mutane da ban sani ba minti ashirin sun tafi. Takarda ba ta da wata ƙofa da za ki ɓulle ta ciki.

Shin zan ce a saya? In rayuwarki gudu ce, e, saya, zai yi miki aiki fiye da yadda kike zato, maza ma haka kar koren bango ya tsorata ku akwai baƙi. In kina cikin makoki ko wani dogon ciwo, ki haɗa shi da Zabura a gefe don ayoyinsa kaɗai ba za su ɗauke ki ba. In kuma kin san kina da saurin jin laifi irina, nemi wanda ba a buga kwanan wata ba. Cikin biyar na ba shi uku da rabi, rabin nan na shafukan baya ne.

Ni dai zan ƙarasa wannan zuwa Disamba tunda kyauta ce kuma yayata na tambaya. Na shekara mai zuwa na riga na yanke, littafin rubutu zan saya fari mara komai mai takarda mai kauri, in ja layukana da kaina, uku na ranakun aiki, shafi guda cur na ranar hutu, gida biyu a baya. Fararen shafuka 23 ɗin nan kuma na ba ƙaramar 'yata ta yi zane a ciki, ta riga ta cika tara da kyanwoyi.